Yadda za ka dawo Damagaram da motarka idan ka tattara daga ƙasar waje

Shekara 11 yayana ya yi a Beljiyam. Ran da ya yanke shawarar dawowa gida, bai fara tambayata kuɗin fili ko makarantar da za a sa yara ba. Maganar motarsa ya fara yi. "Ƙanena, ba zan bar ta nan ba, ni na san lafiyarta." Ni na yi ta zirga-zirgar takardu daga wannan ɓangaren, har ranar da aka shigo da ita Sabon Gari ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Tun daga lokacin, duk wanda yake da ɗan'uwa mai shirin dawowa daga Faransa, Saudiyya ko ma Kano sai ya biyo ya tambaye ni ta ina ake farawa. Amsata ba ta canja ba: kusan duk wahalar shigo da mota a takarda take, kuma yawancinta ana iya kashe ta tun motar tana ƙofar gidanka a can.

Fara da alƙalami kafin ka kira kowa

Zauna ka yi lissafi tukuna, ka ajiye son da kake wa motar a gefe. Duwan, wato hukumar kwastan, ba ruwanta da cewa a cikinta ka ɗauko ɗanka na fari daga asibiti. Abin da take dubawa shi ne darajar motar a hasashenta, bisa irinta da shekarunta da girman injinta, sannan ta haɗa da kuɗin jirgi da na inshorar hanya. A kan wannan jimillar ake ɗora haraji. Rasiɗin da ka sayi motar da shi hujja ne kawai, ba dole ba ne a karɓi farashin da ke jikinsa.

Ga misali don a ga yadda kuɗin ke hawa. A ce duwan ta kimanta motar miliyan 4 na sefa, kuɗin jirgi da inshora kuma miliyan 1. Jimilla miliyan 5. Motocin hawa galibi suna ajin kashi 20 cikin 100 na harajin shigo da kaya, wato miliyan 1. Sai harajin TVA, wato VAT da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya, wanda a Nijar kashi 19 ne, kuma a kan miliyan 6 ɗin ake cire shi ba a kan miliyan 5 ba, wato sefa 1,140,000. Ka ga an riga an wuce miliyan 2 ba a taɓa ƙananan haraji ba, ba a biya tashar jirgin ruwa ba, ba a biya tiransite ba (wakilin da ke fitar maka da kaya daga tasha da duwan), ba a kawo motar daga bakin teku ba, ba a yi mata lamba ba. Wanda yake Turai ya tuna yuro 1 sefa 655.957 ne, kuma ba ya motsi, saboda haka lissafinsa mai sauƙi ne. Mai riyal ko dala ko naira ya bar wa canji sarari.

Idan ka gama haɗawa, ka sa wani naka ya zagaya wurin dillalan motoci a Zinder, ko a Maradi da Yamai, ya jiyo maka kuɗin irin motar wadda an riga an biya mata duwan. Sau da yawa za ka tarar sayar da taka a can ka zo ka sayi wata a nan ya fi sauƙi. In motar ta tsufa ƙwarai, ko ba ta da wata daraja ta musamman, shawarata ka sayar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ta yayana ta ci lissafin ne don ba ta yi tafiya da yawa ba, kuma tun tana sabuwa a hannunsa take.

Motar za ta iya zama a nan kuwa?

Wannan tambayar mutane kan tsallake ta. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga rairayi da zarar ka sauka daga kwalta. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa za ta sha wuya ko a lungunan Birni da Zongo, balle a ce za a je ƙauye gaisuwa da damina.

Sai maganar gyara. Toyota ko'ina ka tsaya akwai wanda ya san cikinta, kayanta kuma in babu a gari ana samowa daga Kano, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita 240 ba. Amma akwai motocin Turai na zamani masu shan gazuwal da ke ɗauke da matatar hayaƙi da ruwan AdBlue, waɗanda ƙaramar matsala ke sa kwamfutarsu ta rage wa inji ƙarfi. Irin waɗannan na ga sun kwanta wata da watanni a gareji ana jiran wani ɗan ƙarfe daga waje. Kafin ka biya kuɗin jirgi, kira makanikin da ka yarda da shi, faɗa masa irin motar da shekararta, ka saurari yadda zai amsa. In ya yi jim kafin ya ce "za a iya", ka fahimci abin da yake nufi.

A Nijar hannun dama ake tuƙi, sitiyari yana hagu. Wanda yake Ingila, Japan ko Afirka ta Kudu, inda sitiyari ke dama, kada ya wahalar da kansa. Wuce babbar mota a hanyar Takieta da sitiyarin dama jefa rai ne cikin haɗari, kuma ran da ka tashi sayarwa za a taya ta da wulaƙanci.

Takardun da za ka haɗa tun kana can

Nan ne ya kamata ka daɗe.

Na farko, takardar mallakar motar ta asali, wadda muke kira kart-giriz, da sunanka a jiki. Ba hoto ba, ba kwafi ba. In da sunan matarka ko abokinka aka yi ta, a gyara tun da wuri, domin duk wani sassauci da ake wa mai ƙaura a kan abin da ya mallaka da sunansa ake yin sa. Ka haɗa da rasiɗin saye, da shaidar cewa babu bashi a kan motar. A Faransa ita ce takardar da ake kira non-gage. A Amurka sai an gabatar wa jami'an kwastan asalin takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota daga ƙasar. A Saudiyya kuwa ba a buga wa mutum bizar fita ta ƙarshe matuƙar akwai mota da sunansa, saboda haka ko dai ya sayar ko ya yi mata takardun fitarwa kafin ya nemi bizar. Alhazanmu da suka daɗe a Jidda da Makka su kula da wannan jerin, kar a sayi tikiti a zo ana neman yadda za a yi da mota.

Na biyu, takardar shaidar canja mazauni, wadda a Faransanci ake ce wa certificat de changement de résidence. A ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da kake ake neman ta, tare da jerin kayan da za ka taho da su, an rubuta kowanne da kimarsa. Ka sa motar a jerin da cikakkiyar lambar shasinta. Wannan takarda ita ke raba ka da ɗan kasuwa a idon duwan, ita ke nuna kayan gidanka ne ka kwaso ba haja ba. Sai dai kada ka ɗauka da ka riƙe ta shi ke nan motarka ta tsira daga haraji. Gado da firji da tukwane hukuncinsu daban, mota hukuncinta daban. Abin da za ka yi shi ne ka rubuta wa Babbar Hukumar Duwan da ke Yamai, ko ka sa tiransitenka ya kai takardar da hannu, ka bayyana shekarun da ka yi a waje, da lokacin da ka sayi motar, ka nemi a gaya maka matsayinta a rubuce kafin ta hau jirgi. "Wani ya ce mini" ba ya fitar da mota daga hannun duwan.

Sharuɗɗan da ƙasashe ke sawa a wannan babin kusan kamanninsu ɗaya: ka zauna a waje na wani lokaci, ka mallaki motar tun kafin ƙaura, mota ɗaya ce ta hawa, kuma ba za ka sayar da ita nan take ba. Wanda tafiyarsa ta juya, wato daga Zinder zai koma Faransa ko wata ƙasar Tarayyar Turai da zama, ƙa'idar can a fili take: sai ya yi wata 12 a wajen Tarayyar, ya mallaki motar yana amfani da ita wata 6, kuma ba zai sayar ko ya ba da aronta ba sai bayan wata 12 da shigarta.

Na uku, kuma a nan muka ƙone: rubutu ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Mu mutanen Nijar sunayenmu sun sha wuya a hannun masu rubutu. Mutum ɗaya, fasfo ya ce Mahamadou, kart-giriz ta ce Mahaman, katin ɗan ƙasa ya ce Mamane. A gida kowa ya san shi ne, amma ma'aikacin tashar jirgin ruwa mutum uku yake gani. Rubutun da ke fasfonka shi za ka bi a ko'ina. Haka lambar shasi. Harufa da alƙaluma 17 ne, kuma babu harafin I, babu O, babu Q a cikinta, an cire su ne don kar a rikita su da 1 da 0. A takardar jirgin motar yayana wani ya buga harafin O a gurbin sifiri. Ba wanda ya lura sai da motar ta sauka. Mako uku muka yi ana aika saƙo tsakanin tasha da kamfanin jirgi kafin a gyara, kullum kuɗin ajiya yana ƙaruwa. Na kira shi na ce, "Yaya, ba ka karanta takardar ba kafin ka sa hannu?" Ya ce, "Na karanta sunana, na ga daidai ne." To ka karanta lambar ma, daga jikin ƙarfen motar, harafi bayan harafi, wani yana riƙe da takardar yana bin ka.

Jirgin ruwa

Hanya biyu ce. Akwai jirgin da ake tuƙa mota a shigar da ita cikinsa a ɗaure, wanda ake kira roro, shi ya fi araha, kuma daga tashar Antwerp ta Beljiyam, wadda masu Faransanci ke ce wa Anvers, irinsa ke yawan tasowa zuwa Afirka ta Yamma. Illarsa ita ce motar a buɗe take tafiya, makulli yana hannun ma'aikata, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda a cika ta da kaya. Sai kwantena, mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40. Ta fi tsada, amma mai ƙaura da iyali sau da yawa ita ta fi masa, domin mai ƙafa 40 tana ɗaukar motar da kayan gida gaba ɗaya a rufe da hatimi.

Ko wacce ka zaɓa, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe ranar da za ka miƙa ta, har da allon kilomita da cikin but. Ka cire duk abin da hannu zai iya cirewa. Makulli ɗaya ka bayar, ɗayan ya taho a aljihunka. Mai kaɗan ake bari a tanki. Ka yi mata inshorar hanya, kada ka ce ƙarin kashe kuɗi ne. Asalin kart-giriz kuma kada ta kwana a cikin motar.

A jikin takardar jirgi, wadda tiransite ke kira konesma, dole a rubuta cewa kayan wucewa za su yi zuwa Nijar. In ba a rubuta ba, ƙasar da jirgin ya tsaya za ta ɗauke su a matsayin kayan da za su zauna a cikinta, da harajinta. Akwai kuma takardar bin sawun kaya, BSC, wadda hukumar CNUT ta masu amfani da sufuri a Nijar ke kula da ita. Tun lokacin lodi ake yin ta, ka tambayi wanda ke maka lodin ya nuna maka lambarta.

Wace tasha, wace hanya

Ba mu da teku, saboda haka motarka sai ta ratsa ƙasar wani. Tamu ta Kwatano ta biyo, domin a lokacin hanyar a buɗe take: Parakou, Kandi, Malanville, a haye gadar Kwara zuwa Gaya, sai Dosso, daga nan a miƙe gabas ta Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maradi, Tasawa, har gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyakar, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Kaya da yawa suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso ta garuruwan Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar soja saboda rashin tsaro. Hanyar ta fi nisa, ta fi tsada, ana kuma daɗewa ana jiran ayari ya taru. In an iso Yamai ma, akwai sauran kusan kilomita 900 kafin Zinder. Don haka kada ka zaɓi tasha da labarin bara. A makon da za ka biya kuɗin jirgi, ka tambayi tiransite da direbobin da ke kan hanyar wace ƙofa ce ke aiki.

Tiransite kuwa, ka nemi mai lasisin duwan, mai ofis da za a iya zuwa a same shi, ba ɗan tsakiya da ke tsaye bakin ƙofa da jaka a hammata ba. Ka sa ya rubuta maka kuɗin komai dalla-dalla: na tasha, na kamfanin jirgi, na wucewa, na direba, da ladansa shi kansa. Ka aika masa kwafin takardu tun jirgi yana kan ruwa, domin kwanakin da ake ba ka kyauta a tasha ƙidayayyu ne, da sun ƙare kowace safiya da kuɗinta. Kada ka tura masa kuɗin gaba ɗaya a tashi guda. Kowane mataki da kuɗinsa, kowane kuɗi da rasiɗinsa.

Daga tasha, ko dai direba ya tuƙo ta ko a ɗora ta a babbar mota. Ɗorawa ta fi tsada, amma na fi son ta. Direban da ake biya a kan kowace tafiya sauri yake yi ya koma ya ɗauko wata, kuma ba shi zai zauna da motar ba.

Duwan da lamba

A iyaka ake fara rubuta motar, a ba ta takardar wucewa zuwa ofishin da za a biya mata haraji. Tiransite ne ke shigar da bayananta a na'urar duwan, tsarin da ake kira SYDONIA, sai jami'i ya duba motar ya gwada lambar shasi da takardu, a kimanta, a fitar da abin da za ka biya. Ana kuma duba lambar a rumbun Interpol na motocin sata, abin da ya sa mota mai tarihin da ba a sani ba ba abin ɗaukowa ba ce komai arahar ta. A Yamai akwai wurin da aka haɗa waɗannan ayyuka a ƙarƙashin rufi ɗaya, GUAN, inda ake tantance mota da biyan duwan da yin lamba. Ka tambayi tiransitenka tun farko a ina za a ƙarasa naka aikin, don ka san ko sai ka je da kanka ko wakilci ya isa.

In ka biya, ka karɓi asalin rasiɗin duwan, kitansi, ka duba cewa kuɗin da ke jiki shi ne wanda ka bayar, lambar shasin kuma ita ce ta motarka. In wani ya ce zai "rage maka" ta bayan fage, ka sani takardar da zai kawo maka ce za ta kama ka wata rana a shingen jandarma, ko ran da mai saye ya kai ta a bincika.

Bayan duwan sauran masu sauƙi ne: binciken lafiyar mota, kart-giriz ta Nijar da sunanka, lamba, binyat, wato harajin mota na shekara, da inshora, wadda doka ta wajabta aƙalla ta ɓarnar da za ka yi wa wani. Kada ka hau titi da lambar waje kana cewa gobe za ka yi. Lasisin tuƙinka na can ma ka kai ofishin sufuri a duba yadda za a mayar da shi na gida.

Wanda zai taho daga Najeriya

Shi ba ruwansa da jirgi. Daga Kano ko dai ya biyo Kazaure da Daura ya fita ta Kongolam ya shigo Ɗan Barto da Matamaye, ko ya biyo Ɓaɓura ya shigo ta Magarya. Sauƙin hanyar ne ke yaudarar mutane. A iyaka ana ba mota mai lambar Najeriya takardar shiga ta ɗan lokaci, lesefase, wadda aka yi don baƙo mai zuwa biki ko kasuwa ya koma. Wanda ya dawo da zama ba baƙo ba ne. Na san waɗanda suka shekara suna komawa iyaka ana sabunta musu, har ranar da aka tsare motar aka nemi haraji da tara a haɗe. In ka dawo ke nan, ka faɗa tun a iyaka, ka kawo shaidar mallaka da takardun kwastan na Najeriya da aka shigo da motar da su, a bi hanyar duwan yadda aka bayyana a sama. Kasancewar an taɓa biyan kwastan a Legas ba ya ɗauke maka na Nijar. Haka wanda zai gangaro da mota daga Libiya ko Aljeriya ta Agadas da Tanut: in babu asalin takardar mallaka da ta fitarwa, ya bar ta can.

Ran da motar ta iso, kafin a fara yawon nuna wa dangi, a wuce da ita gareji. A juye baƙin mai, a canja matatar iska da ta mai, a wanke lagireto, a duba na'urar sanyi da batir. In da tayoyin sanyin Turai ta zo, a cire su, robarsu taushi gare ta, kwaltar Damagaram za ta cinye su kafin damina. Asalin rasiɗin duwan da takardar canja mazauni kuma a yi musu kwafi a kai meri, wato ofishin magajin gari, a buga hatimi, kwafin ya zauna a mota, asalin a akwatin da ake ajiye takardar gida.